Wa Ya Yi Zargin?

Wani malamin Faransanci ne a wata kwalejin horon malamai ta arewacin ƙasar nan. Ya shafe shekara goma sha huɗu yana koyarwa, kuma a shekaru biyar na ƙarshe shi ne jami'in jarrabawa na sashensu, wato a hannunsa takardun tambayoyi da na sakamako suke kwana. Ran nan da hantsi, ana tsakiyar zangon karatu na biyu, aka kawo masa ambulan daga ofishin magatakarda. Takardar da ke ciki ba ta wuce layi shida ba. Ta ce an samu ƙorafi a kansa, ana zarginsa da karɓar kuɗi a hannun ɗalibai domin ya gyara musu maki, saboda haka ya miƙa makullan ofishin jarrabawa ga shugaban sashe, ya kuma saurari kiran kwamitin bincike.

Da ya zauna gaban kwamitin, tambayar farko da ya yi ita ce wa ya kawo ƙarar. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai sanyin hali, ya turo masa wata wasiƙa da aka buga da kwamfuta. Babu suna, babu sa hannu, a ƙasanta dai an rubuta "masu kishin kwaleji". Ba ta ambaci ɗalibi ko ɗaya ba, ba ta faɗi rana ba, ba ta faɗi ko nawa aka bayar ba. Mako bakwai aka yi ana kwatanta takardun amsa da na sakamako, daga ƙarshe kwamitin ya rubuta cewa bai samu hujja ba. Sai dai makullan ba su dawo hannunsa ba, kuma in ya shiga ɗakin malamai hira takan ɗan tsaya kafin ta ci gaba. Magana zarar bunu ce. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda ya koma duban fuskar kowa, har waɗanda suke cin abinci a kwano ɗaya, yana tambayar zuciyarsa ko wannan ne.

Ana cikin wannan hali amsar wata takarda ta iso. Tun shekarar da ta gabata ya nemi gurbin kwas na wata uku domin koyon Sifaniyanci, saboda sashensu yana tunanin ƙara wani harshe a kan Faransanci. An ba shi gurbi a Salamanka, wani birni a yammacin Sifaniya wanda jami'arsa ta kafu tun 1218, kuma ya yi suna wajen koya wa baƙi harshen ƙasar. Gaskiyar magana, ɗokin karatu bai kai rabin abin da ya kai shi ba. Hutawa da idon mutane yake nema.

Su goma sha biyu ne a ajin. Akwai wata Ba'italiya, da 'yan Burazil biyu, mace da namiji, da wani saurayi daga Romaniya, sauran kuma daga Asiya da arewacin Turai. Malamarsu dattijuwa ce wadda ta kusa ritaya, kuma al'adarta ce kowane mako ta ɗauki aikatau ɗaya ta fede shi har wutsiya. A mako na huɗu ta shigo ta rubuta acusar a allo. Malamin bai buƙaci ƙamus ba, domin Faransanci ya riga ya ba shi accuser. Zarga ke nan, ko tuhumta. Ya dubi kalmar ya ji kamar ta biyo shi ne a jirgi.

Malamar ta fara da abin da ba ya ɗaga hankali. Ana furta kalmar "akusar". Aikatau ne mai bin ƙa'ida, daga rukunin masu ƙarewa da -ar, kuma ɗafa-ƙeyarsa ce take nuna mai yi: acuso ni ke zargi, acusas kai, acusa shi ko ita, acusamos mu, acusan su. Ta ja kunnensu a kan wani tarko. Acuso da acusó baƙaƙensu da wasulansu ɗaya ne, amma a ta farko nauyin murya yana kan gaɓar tsakiya, ma'anarta "ina zargi", a ta biyu kuma yana kan gaɓar ƙarshe, ma'anarta "ya zarga". Ɗalibai da yawa suka yi ta tuntuɓe a nan. Shi kuwa bai sha wahala ba, domin wanda ya tashi yana rarrabe garin da ake zama da garin da ake tuwo da kunne kawai, wannan ba zai ba shi tsoro ba. Amma ya lura cewa ɗan ƙaramin layin da ke bisa wasali shi ne ya raba mutumin da ya ɗauki maganar a kansa da mutumin da ke ba da labarin wani.

Daga nan ta sa kowa ya kawo ta gidansu. Ba'italiyar ta ce accusare, tana danna baƙin k sau biyu, yadda Bahaushe yake raba baba da babba. 'Yan Burazil suka ce acusar, rubutu ɗaya da na Sifaniyanci, sai dai su suna furta s ɗin kamar z, haka ma Faransawa. Ɗan Romaniyan ya ce a acuza, su har a rubuce z suke sawa. Malamar ta ƙara da Katalanci, harshen da ake yi a yankin Basalona, inda nan ma acusar ne. Harsunan nan duka 'ya'yan Latin ne, harshen Rumawa, kuma kalmar duka ta koma ga accusare na Latin.

Shi ma accusare haɗi ne na abu biyu: ɗafa-goshi ad, wato "zuwa ga", da suna causa. Naso ne ya mai da d ta koma c. Causa kuwa tana nufin dalili, tana kuma nufin shari'ar da ke gaban alƙali. Ashe tun asali zargi a wannan dangi na harsuna jan mutum ne zuwa ga shari'a, a kai shi inda zai ji abin da aka ce ya yi, ya kuma mayar da amsa. Tushen nan ya haifi wasu 'yan'uwa. In aka ɗafa ex, wato "fita daga", sai a samu excusar, fitar da mutum daga magana, ba shi uzuri. In aka ɗafa re sai a samu recusar, wanda a kotu yake nufin ƙin amincewa da wani alƙali ya saurari shari'arka.

Abin da ya fi ba malamin mamaki shi ne inda causa ta ƙare a bakin talakawa. Da Latin ya yi ta sauyawa a kasuwa da gona, tagwan wasalin au ya sauya, sai causa ta zama cosa a Sifaniyanci da Italiyanci, chose a Faransanci, coisa a harshen Fotugal. Ma'anarsu duka "abu". Shekara da shekaru yana koya wa ɗalibai chose bai taɓa sanin cewa jikar kalmar kotu ce ba. Ya tuna yadda Bahaushe yake yi da kalmar magana: abin da ake faɗa magana ne, rigimar gona magana ce, neman aure magana ce, abin da ke gaban alƙali ma magana ce, har a ce an kashe ta. Da alama mutane a ko'ina sukan ɗauki sunan abin da suka fi jayayya a kai su yi ta amfani da shi har ya lashe, ya zama sunan kome.

Malamar ta yi wata 'yar ratse da ta ba ajin dariya. A nahawun Latin, sigar da suna yake ɗauka in ya zama karɓau ana kiranta accusativus, a Sifaniyanci acusativo. Kuskuren fassara ne ya jawo haka. Girkawa sun kira sigar da wani suna da ya fito daga aitia, kalmar da ke nufin sanadi, take kuma nufin zargi. Masanan Rum, irin su Varro, suka ɗauki ma'ana ta biyu. Shi ya sa fiye da shekara dubu biyu yaran Turai suke kiran karɓau da sunan wanda ake zargi, ko da jimlar ba ta wuce yaro ya sha ruwa ba.

Kashegari aka shiga ginin jimla, kuma nan ne darasin ya daina zama wasa a wurinsa. Ta zana kujeru uku a allo. Acusar, in ji ta, ba ya cika sai an zaunar da mutum ko abu a kowace: mai zargi, da wanda ake zargi, da laifin. El vecino acusa al niño de robo, maƙwabci yana zargin yaron da sata. Laifin yana zuwa ne bayan de, kamar yadda yake zuwa bayan "da" a Hausa, Italiyawa kuma su ce di. Wanda ake zargi, da yake mutum ne, Sifaniyanci yana sa masa ɗan harafi a a gabansa, abin da ba a yi wa dutse ko tebur. Sannan ta goge kujera ta farko da tafin hannu, ta rubuta: se le acusa de robo. Ta tambaya wa ke zargi a nan. Ajin ya yi shiru. Babu kowa, in ji ta. Se ɗin nan yana tare kujerar ne kawai domin kada a ga babu kowa a kanta. Faransanci yana yin haka da on, wanda asalinsa homo ne na Latin, wato mutum, kowane mutum, ba wani takamaimai ba.

Malamin bai rubuta kome ba. Jimlar da ke allo ita ce jimlar da ke cikin ambulan ɗinsa: ana zarginsa da karɓar kuɗi. Hausa ma tana da wannan wakilin sunan da ba ya nuna kowa, kuma tana da shi a kowane lokaci: an, ana, aka, ake, za a, akan. Yana da amfani ƙwarai. Da shi ake ladabi, da shi ɗa yake ce wa mahaifinsa an dawo lafiya, da shi mace mai kunya take kauce wa sunan miji. Amma in ya haɗu da aikatau zarga, sai ya zama jifa a kasuwa. Wanda aka jefa yana jin zafin, ga dutsen a ƙasa kowa yana gani, hannun da ya yi jifan ne babu. Shi kuma wanda ake zargi ba shi da irin wannan mafaka. Sunansa cikakke ne a kan ambulan, har da lambar ma'aikaci.

Rumawan da suka ƙera kalmar ba su yarda a bar kujerar nan fanko ba. A zamanin jamhuriyarsu babu lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara. Ɗan ƙasa ne yake tashi da kansa ya je gaban mahukunci ya ambaci sunan wanda yake tuhuma, a rubuta tuhumar, ya sa hannu. A shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa, da Cicero ya tashi tuhumar Verres, tsohon gwamnan Sisili, da wawure dukiyar jama'a, sai da ya fara jayayya da wani a kan wanda ya fi cancanta ya zama mai tuhumar. Akwai kuma doka ta musamman da ke hukunta wanda aka kama da ƙage. Wajen shekara ta 112 Miladiyya, gwamnan Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yau, mai suna Pliny, ya rubuta wa Sarki Trajan yana tambayar yadda zai yi da Kiristoci, domin an kawo masa jerin sunaye a takarda marar sa hannu. Trajan ba masoyin Kiristoci ba ne, amma ya amsa cewa kada a karɓi irin wannan takarda a kowace tuhuma. Malamin ya tuna abin da ya karanta tun yana makarantar zaure a kan ƙazafi, inda mai jifan mutum da alfasha ko ya kawo shaidu huɗu ko ya sha bulala tamanin, a kuma daina karɓar shaidarsa. Shari'o'i biyu ne da ba su haɗa hanya ba, amma kowace ta nemi mai magana ya tsaya inda za a gan shi.

Ranar Juma'ar makon, malamar ta fitar da su daga aji ta kai su tsohon ginin jami'a. A farfajiyar da ke fuskantar ƙofarsa akwai mutum-mutumin Luis de León, a ciki kuma akwai ɗakin karatu mai ɗauke da sunansa, da benci-bencinsa na katako marasa faɗi da ɗalibai suka sassaƙa wa sunaye tun ɗaruruwan shekaru. Luis de León malamin addinin Kirista ne kuma mawaƙi, yana koyarwa a wannan jami'a a ƙarni na 16. A watan Maris na 1572 kotun binciken aƙida ta cocin Sifaniya, wadda aka kafa a 1478, ta kama shi ta tsare a Valladolid. Laifin da aka ɗora masa shi ne yana fifita nassin Ibrananci a kan fassarar Latin da coci ta amince da ita, kuma ya fassara Waƙar Waƙoƙi zuwa harshen gama-gari. An kuma tono cewa a kakanninsa akwai Yahudawa. Waɗanda suka kai sunansa abokan aikinsa ne a jami'ar, musamman Bartolomé de Medina da León de Castro, waɗanda suka daɗe suna sa-in-sa da shi a tarurrukan malamai.

Tsarin wannan kotu shi ne abin lura. Kafin a karanta wa fursuna tuhumarsa, sai an yi ta tambayarsa ko ya san dalilin kama shi, a ce ya binciki zuciyarsa. In an zo ba shi bayanan shaidu, sai an cire sunayensu da duk abin da zai sa ya gane su. Abin da ya rage masa shi ne ya lissafo waɗanda yake ganin maƙiyansa ne, in ya dace ya ambaci mai shaidar, a rage wa shaidar nauyi. Wato dole mutum ya zauna a ɗaki shi kaɗai yana bin fuskokin abokansa ɗaya bayan ɗaya. Luis de León ya yi kusan shekara biyar a haka. An sake shi a watan Disamba na 1576 ba tare da an same shi da laifi ba. Abokinsa Gaspar de Grajal, wanda aka kama a shekara ɗaya da shi, ya mutu a tsare a 1575. Da ya dawo Salamanka an tarbe shi da girma, amma kujerarsa ta da tana hannun wani, sai wata aka ba shi.

Malamin ya daɗe zaune a kan bencin nan bayan sauran sun fita. Mako bakwai ɗinsa ba kome ba ne a kan shekara biyar, kuma ya san haka. Duk da haka ya gane ɗakin da mutumin ya zauna a ciki.

A hanyar komawa gardama ta tashi. Ɗan Romaniyan ya ce a ƙasarsu, kafin faɗuwar gwamnatin kwaminis a 1989, 'yan sandan ciki sun cika fayil-fayil da rahoton maƙwabci a kan maƙwabci, kuma sai daga 1999 doka ta ba mutane damar ganin abin da aka rubuta a kansu. A ganinsa duk wanda ba zai sa suna ba ya yi shiru. 'Yar Burazil ɗin ta ce wannan maganar mai ƙarfi ce. Ɗalibar da malami ya matsa wa, ko leburan da ya ga shugabansa yana sata, in aka ce lallai sai sun sa suna, to an ce su mutu da abin a ciki ke nan. Kuma tana da gaskiya, duk wanda ya yi aiki a makaranta ya san haka. Malamar ta raba su da nahawu. Sifaniyanci, in ji ta, yana da aikatau biyu. Denunciar shi ne ka sanar da hukuma cewa wani abu ya faru domin ta bincika. Acusar shi ne ka tsaya ka ce wane ne ya yi, ka nemi a hukunta shi. Na farko yana iya fitowa daga wanda ba ya son a san shi, har ma a 2023 Sifaniya ta yi dokar da ta amince da rahoton da ba shi da suna domin kare masu fallasa almundahana. Na biyu kuwa sai da mai shi. Ɓarnar tana faruwa ne in aka ɗauki na farko aka yi aiki da shi kamar na biyu, aka karɓe makullai tun kafin a buɗe takarda ko ɗaya.

Dokokin ƙasashen nan sun san nauyin kalmar, shi ya sa suke jinkirin furta ta. A Faransa ba a kiran mutum accusé sai an gurfanar da shi kan babban laifi, kuma a 1993 aka sauya sunan wanda ake bincike daga inculpé, mai ƙamshin laifi, zuwa mis en examen. Sifaniya ta yi makamancin haka a 2015, ta bar imputado ta koma investigado, wato wanda ake bincika. Ko sauyin suna yana hana maƙwabta yanke hukunci, wannan wata magana ce.

Akwai kuma waɗanda suka cika kujera ta farko da gangan, suna sane da abin da zai biyo baya. Ranar 13 ga Janairu 1898 marubucin Faransa Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaba Félix Faure a jaridar L'Aurore, mai taken J'accuse, ina zargi. Ya ambaci manyan hafsoshin soja da sunayensu, ya ce su suka ɗaure Kyaftin Alfred Dreyfus bisa zalunci a 1894. Kotu ta same shi da ɓata suna, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da tara, ya gudu Ingila. Sai a 1906 aka wanke Dreyfus, Zola ya riga ya rasu. Shekara hamsin bayan wasiƙar, ranar 6 ga Janairu 1948, mawaƙi Pablo Neruda ya tashi a majalisar dattawan Chile ya yi jawabin da aka sani da Yo acuso a kan Shugaba González Videla, abin da ya kai shi ga ɓuya, daga baya ya tsallaka duwatsun Andes zuwa Ajantina. Malamar ta nuna musu wani abu a taken. Bafaranshe dole ya ce je, domin aikataunsa ba ya tsayawa ba wakilin suna. Basifaniye kuwa acuso ta ishe shi, o ɗin ƙarshe ta riga ta ce "ni". In ya ƙara yo, to nanatawa yake yi, kamar mai dukan ƙirji yana cewa ni ɗin nan, ba wani ba.

Sauran ma'anonin aikatau ɗin ta bi ta kansu da sauri. Yara suna kiran mai kai tsegumi wurin malami acusica. Fuskar da ta nuna gajiya, a Sifaniyanci zargin gajiya take yi, Ba'italiye ma yakan "zargi" ciwo in yana gaya wa likita inda ke damunsa. A ofis, acusar recibo shi ne ka shaida cewa takarda ta iso hannunka, daidai da accuser réception na Faransanci. Akwai kuma acusarse, mutum ya zargi kansa, abin da ɗan Katolika yake yi in ya je iƙirarin zunubi gaban limaminsa. Aikin gida shi ne kowa ya rubuto jimla biyar da acusar, aƙalla ɗaya a shuɗaɗɗen lokaci.

Huɗu ya rubuta cikin minti goma. A ta biyar ya so ya yi amfani da se ɗin nan a shuɗaɗɗen lokaci, sai hannunsa ya rubuta: se acusó al mensajero, an zargi masinja. Ya tsaya yana kallon jimlar, domin ba ƙirƙirarta ya yi ba. Shekara tara da suka wuce, yana ƙaramin malami, tambayoyin wata jarrabawa sun fita kafin lokaci. A taron sashe kowa ya yi tsit, shi kuma, don a san yana wurin, ya ce ai ana cewa masinjan sashe yana yawan tsayawa da ɗalibai a bayan ofis. Daga bakin wani ɗalibi ya ji, a tsaye, kuma ko sunan ɗalibin bai riƙe ba. Sakatare ya rubuta a bayanin taro cewa an bayyana ana zargin masinja. Bayan wata biyu aka sallami tsohon, saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma haƙƙoƙinsa suka maƙale. Malamin bai taɓa ɗaukar kansa a matsayin wanda ya yi wani abu ba, shi dai ya faɗi abin da ake faɗa ne. A mako bakwai ɗin da ya yi yana lissafin wanda ya cuce shi, ko sau ɗaya tsohon bai faɗo masa a rai ba. Laifi tudu ne.

Ya soke jimlar, ya rubuta: yo acusé al mensajero. Da takardar ta dawo, malamar ta zagaye yo da jan biro, ta rubuta a gefe cewa jimlar daidai ce, amma wakilin sunan bai zama dole ba sai in nanatawa ake nufi. Da ya kwafe ta a littafinsa bai cire shi ba.

Mako biyu da dawowarsa gida ya samu kwatancen tsohon. Yana gadi a wani shagon siminti a bakin kasuwa, ya rame, amma idonsa garau. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi maganar zafi da tsadar hatsi. Sannan malamin ya ce, "Baba, maganar nan ta shekarun baya, wadda ta sa aka sallame ka. Ni ne na faɗe ta a taro, kuma ba ni da hujja."

Tsohon ya gyara zama a kan buhun da yake kai. "Ai na sani, Malam. Tun ranar mai buga takardu ta gaya mini."

"To me ya hana ka zo ka same ni, Baba?"

"In zo in ce me? Takardar ba ta ce kai ka ce ba, cewa ta yi an ce." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma in da hali, abin nan da ka gaya mini, ka rubuta musu shi. Kuɗina suna can har yau."

A daren ya rubuta wasiƙa ga magatakarda. Ya kawo ranar taron da lambar shafin bayaninsa, ya ce shi ne ya yi maganar, ya ce ji ya yi kawai bai gani ba, ya roƙi a sake duba sallamar. Ya sa cikakken sunansa da lambarsa ta ma'aikaci, ya sa hannu. Wani abokin aikinsa da ya ga wasiƙar ya ce masa wanda bai daɗe da fitowa daga gaban kwamiti ba, bai kamata ya kai kansa ba. Da safe ya miƙa ta, akawu ya buga hatimin karɓa a kan kwafi ya mayar masa.

Har ƙarshen wannan zangon fayil ɗin yana kan teburin magatakarda. Tsohon ya karɓi kwafin mai hatimi, ya naɗe shi a leda ya sa a aljihun gaban rigarsa, kuma kowane farkon wata yakan hau acaɓa ya je ya tambaya.